Kuɗin Udoji da Mudun Inna

A farkon shekarar 1975 ma'aikatan gwamnati a Nijeriya suka riƙe kuɗin da yawancinsu ba su taɓa gani a dunƙule ba. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta karɓi rahoton kwamitin Jerome Udoji, aka yi ƙarin albashi, ƙaramin ma'aikaci ya tashi daga naira 312 a shekara ya koma 720. Aka kuma ce ƙarin ya fara aiki tun daga Afrilun 1974, saboda haka aka tattara wa kowa ariyas ɗinsa na watannin baya aka danƙa masa. Duk wanda ya yi wayo a lokacin zai tuna yadda gari ya ɗauka. Sababbin kekuna da babura suka cika titi, rediyo mai kaset yana tashi a kowane zaure, aka fitar da katifar rimi aka shigo da ta soso, wasu suka ƙara aure. 'Yan kasuwa ma labari ya kai musu. Kafin shekarar ta fita farashin kaya ya hau da kusan kashi 34 cikin 100, kuma manomi da ɗan dako da mai gyaran takalmi, waɗanda ko sisi ba su gani ba, tare da su aka sha wannan tsadar.

Gidanmu ma Udoji ya shiga, domin Baba malamin firamare ne. Ranar da aka biya su, bayan sallar isha'i, ya aike ni in kira masa Inna. Ya zazzage ambulan a kan buzu, ya ƙirga kuɗin a gabanta har kwabon ƙarshe, sannan ya ce, "To, ga abin da Allah ya kawo. Me kike gani?" Ta yi shiru jim kaɗan ta ce, "Malam, a fara da ciki. Dawa ba ta daɗe da zuwa gida ba, tana da sauƙi a ƙauye. Ka dai ga abin da fari ya yi wa mutane bara waccan." Farin 1973 take nufi, wanda ya karkashe dabbobi ya koro mutane daga arewacinmu da Nijar suna neman abin kaiwa baka. Cikin makon aka shigo da buhunan dawa da gero da wake da za su kai mu wata kakar. Aka biya wani bashi da ke kan Baba, aka saya wa Inna keken ɗinki. Rediyon da yake ta sha'awa shi ya zo a ƙarshe, kuma ya saya, ya ji daɗin abinsa shekara da shekaru.

Inna ba ta yi boko ba. Lissafinta daga ƙauye ta taho da shi, daga gidan da ake ƙirga arziki da dami. A irin wannan gida, da an kawo amfani sai maigida ya fitar da zakka, ya ware iri, sannan ya san dami nawa ya shiga rumbu da wata nawa zai ci da iyalinsa. Akwai rumbun da ake liƙe bakinsa, ba mai taɓa shi sai ruwa ya sauka, domin a lokacin ne ake buƙatar ƙarfin noma kuma a lokacin ne hatsi ke tsada. Samari su tafi cin rani birni, su samo kuɗin tufafi da na aure, hatsin da za su ci kuma ya huta a rumbu. Wanda bai yi wannan tsari ba, marka ce ke tona masa asiri. Wata Baturiya mai bincike, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a ƙarshen shekarun 1960, littafinta ya fito a 1972. Cikin abin da ta gani har da wannan: manomi mai ƙaramin ƙarfi yakan sayar da hatsinsa da kaka, lokacin da ya fi araha, saboda haraji da bashi da biki, sannan ya dawo ya saye shi da tsada a tsakiyar damina, sau da yawa da kuɗin ƙwadagon da ya yi a gonar wani alhali tasa gonar tana jiran noma. Mai hali kuwa yana da ikon jira. Kowane bagidajen ƙauye ya san haka tun kafin ta rubuta, amma na ji daɗi da aka rubuta, domin har gobe ta wannan ƙofa talauci ke shiga gidaje, a ƙauye da birni.

Masu cewa ajiyar abincin shekara rashin tawakkali ne, su tuna shawarar da Annabi Yusuf (AS) ya bayar a Masar ta a bar hatsi cikin zangarniyarsa a shekarun yalwa. Ya kuma tabbata a hadisi cewa Manzon Allah (SAW) yakan ajiye wa iyalansa abincin shekara guda.

Abin da na fi tunawa shi ne awon safe. Makullin ɗakin hatsi yana ƙulle a bakin zanen Inna. Kullum da hantsi za ta shiga da ƙwarya da mudu, ta cika, ta shafe bakinsa da tafin hannu, abin da ya zubo ya koma buhu. In an yi baƙi ta ƙara, in wani ya yi tafiya ta rage, ba ta auna da ido. Daga wannan mudun babu abin da ke zuwa juji. In an yi surfe, dusa ta akuya ce, ƙasari ma nata ne. Tsaki na 'yan kaji, ko a tara shi a yi fate ranar da aka samu rama. Tuwon da ya kwana shi ne ɗumamen safe. Ƙanzon gindin tukunya a kankare shi a shanya a kan rufin kicin, a tara a cikin tulu, ranar da yunwar la'asar ta taso a jiƙa shi a kwaɗa da ƙuli-ƙuli da ɗan yaji. Da sanyi, in tumatir ya faɗi har masu lambu suna roƙon a saya, sai ta sa a kawo kwando, mu zauna mu yayyanka, a baza a tabarma ya zama kauɗa. Haka kuɓewa, haka tattasai, haka kuka. In damina ta kama, ɗanyen tumatir ya zama sai wane da wane, miyarmu ba ta canza kama ba. In an gama girki a zare itacen da bai cinye ba a yayyafa masa ruwa, gobe a dasa daga nan. Rigar yaya ta sauko wa ƙane, wadda ta mutu ta zama tsumman goge fitila.

Ban taɓa jin wani a gidan ya tashi bai ƙoshi ba. Kwanon almajirinmu ba ya fashi, ciyayya da maƙwabta ba ta yanke ba, baƙon da ya sauka da dare kuma ba a taɓa ce masa tukunya ta huce ba. Marowaci yana tara abu ne ya hana kansa ya hana nasa. Inna kuwa tana auna yau ne don kada a wayi gari a rasa abin ba wa wani.

Shekara bakwai kacal aka yi tsakanin Udoji da tsuke bakin aljihu. Farashin man fetur ya faɗi a kasuwar duniya, a Afrilun 1982 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kawo dokar taƙaita shigo da kaya, jihohi da dama suka kasa biyan malaman makaranta na watanni. A 1984, zamanin mulkin soja na Janar Muhammadu Buhari, magidanta suka riƙa kwana a layi don gwangwanin madara da sukari da Omo da 'yar shinkafa. A 1985 aka hana shigo da shinkafa da masara, a 1986 Janar Ibrahim Babangida ya kawo shirin SAP, nairar da ta fi dala daraja a 1980 ta koma sai an tara fiye da huɗu kafin a sami dala ɗaya. A 1987 aka hana shigo da alkama, burodi ya yi tsada. Gidajen da suka fi jin jiki su ne waɗanda a shekarun yalwa bakinsu ya saba da shayi mai kauri da burodi da shinkafar Amurka, suka mai da koko da ɗumame abincin ƙauyawa. Mu ma mun ji a jikinmu, kada in yi ƙarya. An yi watannin da Baba bai ga albashi ba, nama ya ɗauke daga miya, takalmin makarantata ya sha faci har ya gaji. Amma akwai dawa a ɗaki, keken ɗinkin nan kuma yana kuka har tsakar dare, musamman gab da salla. Kuɗin ɗinkin ne ya riƙe cefane, akuyoyin da suka ci dusa suka biya kuɗin jarrabawar yayata.

Waɗanda ba su ga wancan zamani ba sun ga nasu. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta doshi 500 cikin kwanaki, daga baya ta haura 1,000. A 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta nuna hauhawar farashin abinci ta wuce kashi 40 cikin 100. Buhun shinkafa ya haura naira 70,000, daidai da mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a watan Yulin shekarar. A Kano mata masu gurasa suka fito zanga-zanga kan tsadar fulawa, magidanta suka koma sayen afafata, shinkafar da a da masu casa ke warewa a ba kifi. Babu tattalin da zai wanke waɗanda ke riƙe da ragamar ƙasa daga alhakin wannan, kuma ba na cikin masu ce wa mai jin yunwa laifinsa ne. Sai dai akwai gidaje da yawa, na ma'aikata da 'yan kasuwa da masu sana'a, da abin da ke shigo musu zai iya rufa musu asiri, amma kullum a cikin bashi suke. Da su nake magana.

Babban abin da ya ɓace mana shi ne lissafin shekara. Albashi ya koya mana lissafin wata, shagon unguwa kuma ya koya mana lissafin yini. Tsaya a gaban mai shago da safe ka ga yadda yara ke zuwa: sukarin ɗari, man gyaɗa ƙulli biyu, omon hamsin, madarar leda uku, magi na ɗari, "Baba ya ce a rubuta." Kowane ƙulli da ribarsa a kai, da kuɗin ledarsa, da ladan wanda ya ƙulla. In ka haɗa ƙulle-ƙullen man da gida ya sha a wata ka auna, ka kwatanta da kuɗin galan, za ka ga abin da ya zurare. Mai shago bai zalunci kowa ba, sana'arsa yake yi, sau da yawa ma shi ke rufa wa unguwa asiri. Amma ranar da albashi ya shigo rabinsa na littafin bashi ne, ragowar ba za ta sayi buhu ba, sai a sake buɗe sabon shafi. Ga kuma ɓarakar da iyayenmu ba su sani ba. Mai sa data ta naira 500 kullum, a shekara ya kashe 182,500. In a gidan akwai waya huɗu masu irin wannan ci, sai a ninka sau huɗu. Ba a jin zafinta ne don kaɗan-kaɗan take fita, kuma ba ta bi ta hannun mai cefane.

Alhali manyan hidimomin gida ba sa zuwa ba sallama. Azumi da salla biyu an san watansu. Makaranta zango uku ce. Mai gidan haya an san ranar da zai turo. Damina za ta zo da zazzaɓin cizon sauro da yoyon rufi. Haihuwa tana ba da sanarwar wata tara, amma sai ana saura kwana biyu suna za ka ga mutum yana zagayen neman rancen kuɗin rago. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya zauna da takarda sau ɗaya a shekara ya jera waɗannan, ya raba jimillar gida goma sha biyu, ya san abin da ba nasa ba ne a cikin kuɗin kowane wata, ko da yana aljihunsa.

Sai da na girma na gane cewa abin da ya fi muhimmanci a daren Udoji shi ne ƙirga kuɗin da Baba ya yi a gaban Inna. Maza da yawa a cikinmu suna ganin in mace ta san samunka ta raina ka, ko ta buɗe baki da buƙatu. Sai mutum ya ajiye kuɗin cefane a kan tebur ya fice, ya dawo yana faɗan an cika ɓarna. Yaya za ta yi tattalin abin da ba ta san iyakarsa ba? Matar da ke zaton akwai wata rijiya a bayan wadda take gani, ba za ta ji tsoron ɗiba ba. Na san akwai matan da ba su da riƙo, kamar yadda akwai mazan da shayin majalisa da tsiren dare ke cinye musu abin da zai yi wa gida miyar kwana uku. Amma a yawancin gidajen da na ga sun tsallake shekarun wahala da mutuncinsu, miji da mata sun san lambar da suke aiki da ita, kuma yaran da suka tasa an gaya musu gaskiyar abin da gidan zai iya.

Sai biki, wanda shi kaɗai yakan rushe tattalin shekara biyar. Mafi ƙarancin sadaki a mazhabarmu ta Malikiyya rubu'in dinari ne. Abin da ke karya mutane ɗorin da muka yi wa kanmu ne: akwatunan lefe da ake buɗewa a gaban 'yan ganin ƙwaƙwaf, kayan ɗakin da uba zai sayar da gona ya saya, gara, kamu, dina, da anko kala-kala da za a sa sau ɗaya a jefa a ƙasan akwati. Tun 2012 gwamnatin Kano take ɗaukar nauyin aurar da zawarawa da 'yan mata, a Oktoban 2023 aka ɗaura na mutum 1,800 da matansu a tashi ɗaya, kuma babban abin da gwamnati ke sayawa shi ne gado da katifa da sauran kayan ɗaki. Wannan kaɗai ya isa ya nuna inda aure ke maƙalewa. Na ga uwar da ta ci bashin adashi uku don kada dangin miji su ce ɗakin 'yarta bai cika ba. Waɗanda ta ji wa kunya sun ci shinkafa sun watse tun ranar, ita kuwa ta shekara biyu tana biya, ƙannen amarya suna zaune a gida an koro su kuɗin makaranta. Raina ya ɓaci ƙwarai da wannan, kuma ban ga laifinta ita kaɗai ba, domin mu da muke zuwa kallon ɗaki muna taɓa labule muna tambayar kuɗinsa, da mu aka ɗora mata.

Akwai wuraren da ba a tsuke hannu. Maganin mara lafiya, abincin mai ciki da na yaron da aka yaye, da karatun yara, duk abin da aka rage a nan sai an biya shi ninki daga baya. Wake da gyaɗa da zogale da awara suna iya tsayawa inda nama ya gagara, amma a bar yaro da gaya da ruwan miya ba tattali ba ne.

Za a ce, wanda sai ya fita ya samo na yau, ina shi ina buhu? Gaskiya ne, kuma amsar da mutanenmu suka daɗe da samowa ita ce haɗa hannu. Watanda da ake yi da salla, mutum goma su sayi sa guda su raba, ita ce dabarar. Adashi ma haka, in an dace da uwar adashi mai amana. A jihar Maraɗi ta Nijar, a 1991, ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara, inda matan ƙauye ke zuba ɗan abin da suka samu mako-mako a akwati, su ranta wa junansu, su raba a ƙarshen zango. Tsarin ya yi ƙarfin da aka kwaikwaye shi a ƙasashe da dama na Afirka, kuma tushensa asusun da kakanninmu mata suka sani ne.

A unguwarmu akwai wasu magidanta, cikinsu da malamin makaranta da direba da mai wanki da guga, da ke zubi tun daga ƙaramar salla, ba mai kwasa sai kaka. In hatsi ya sauka sai su wakilta mutum biyu su tafi Dawanau ko wata kasuwar ƙauye, su sayo masara da gero da wake, kuɗin mota a raba shi daidai, a zo a auna wa kowa da kwano gwargwadon zubinsa. Mai wankin rabin buhun masara yake samu da 'yan kwanonin wake, amma ya ce tun da suka fara bai sake rubuta gari a littafin mai shago ba. Wake suna zuba shi a buhun nan mai ninki uku da ake ɗaure kowace leda daban, ko a jarka mai murfi a toshe ta sosai, iska ba ta shiga, ƙwaro ya mutu ba tare da an barbaɗa maganin da ke cutar da mai ci ba. Masara kuwa sai ta bushe ƙayau, a ɗora buhun a kan katako nesa da bango. A 2025 farashin hatsi ya sauko, waɗanda suka cika sito suna jiran tsada suka tafka asara, har wani ya tambayi magidantan nan ko sun yi da-na-sani. Direban ya ce su ba don sayarwa suka ajiye ba, abin da suka saya sun cinye shi da 'ya'yansu, kuma bana sun ƙara mutum uku a zubin.